Zanen da Na Ce Ba a Gama Ba

Na daɗe ina duba kaya a Guangzhou ta ƙasar Sin, kuma ina taƙama cewa ba mai cusa mini abu mai aibi. Da wannan idon na shiga ofishin wani mai masana'antar takalma, ni da Alhaji Isufu na Maraɗi, muna so ya fara yi mana kaya.

Muna shan shayi na hango zane a bango: tsohon gari, ƙubbobi kamar albasa, doki na jan amalanke marar taya, mutane sun duƙunƙune cikin manyan riguna. Amma ƙasa da rufin gidaje fari fat, takarda ce zalla. Na matsa na ƙura ido.

"Lawban, an cuce ka," na ce, don haka ake kiran maigida a can. "Fenti ya ƙare wa mai zanen nan. Ko tayar amalanken bai sa ba."

Mutumin ya ajiye kofinsa. "Rasha ce. Dusar ƙanƙara ce."

"To ina ƙanƙarar? Ai ba a zana komai ba."

"Haka ake yi da fentin ruwa, farin takardar ake bari ya zama ƙanƙarar. Marigayi mahaifina ne ya zana, lokacin da yake karatu a can."

Na sake kallo, takarda dai nake gani. Garin gyara magana sai na ce, "Lallai Baba ya iya tattalin fenti."

Alhaji Isufu ya ƙware da shayi. Kaya dai an yi mana, amma da sunan Alhaji, ba nawa ba. Har yau in ya ga farar takarda sai ya miƙo mini: "Malam, duba mana, Rasha ce ko ba a gama ba?"