Rasuwar Ɗan Ikko, Kwale-kwalen Malam Shitu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, cikar da ko marigayin bai taɓa yin irinta ba ranar da ya fi lodi, Malam Shitu na bakin rafi da iyalinsa suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Rano da Kibiya, da na Madachi da Zinyau da Tarai, da duk wanda ya taɓa tsugunawa a cikinsa yana salati, rasuwar kwale-kwalensa wanda aka fi sani da Ɗan Ikko. Ya cika ranar Asabar bayan azahar, ranar da aka karɓi mulkin kai, a tsakiyar rafin bayan garinmu, yana bakin aikinsa, a gaban shaidu fiye da ɗari biyu. Shekararsa tara a hannun mai shi.

Ko da yake Ɗan Ikko ake ce masa, bai taɓa ganin Ikko ba, mai shi ne ya gani. Malam Shitu ya yi shekara shida can yana gadi a gidan wani Bature. Duk Lahadi sai ya ɗauki kwandon abinci ya bi maigidansa cikin jirgi mai inji, su kutsa ruwan nan da jirage suka yi wa yawa kamar jakuna a bakin kasuwa, wannan ya gogi wannan, wancan ya busa ƙaho, masunta na zagi, har su isa wani tudun yashi a tsakiyar ruwa. Can Turawa za su tuɓe su kwanta a rana kamar an shanya kuɓewa, garmaho na kiɗa, ana shan abin da bakin tsohuwa ba zai ambata ba. Shi kuwa yana tsaye riƙe da laima yana ce wa ransa, yashi dai ai mu ma muna da shi.

A hanyar dawowa ya sauka Jabba, ya sayi marigayin wurin wani Banufe da ya sassaƙa shi da itacen maɗaci. Banufen ya yi masa gargaɗi guda ɗaya tak: kada ya kuskura ya bar shi ya bushe. Jirgin ƙasa ya ɗauko shi, mota ta kawo shi Rano, ƙarti goma sha shida suka ƙaraso da shi a kafaɗa, har wata tsohuwa ta fito tana tambayar wane dogon mutum ne ya rasu.

A nan dole a faɗi abin da mai makoki ya ce a tsallake, don in an tsallake shi babu wanda zai gane irin rashin da ya yi. A makonsa na farko, da tsakiyar damina, yana koyon tuƙi shi kaɗai, hularsa ta faɗa ruwa. Ya miƙa hannu, ya bi ta. Ya yi kalmar shahada, ya yi sallama da duniya, sai kuma ya ji ƙafarsa a ƙasa. Ya miƙe, ruwa iya cibiya. Ya duba dama, ya duba hagu, ba kowa sai zalɓe. Ya koma cikin jirginsa, ya zo gari ya ce zurfin wurin gaba bakwai ne, tsawon mutum bakwai ke nan, da ƙyar ya sha. Tun ranar ya jingine gorar tuƙi, don gora ba ta iya rufa asiri, ya ba matarsa Barira ta riƙa shanya a kanta. Da filafili kaɗai yake tuƙi, shi ma a karkace yake tsoma shi kada ya taɓo ƙasa. Ruwan rafinmu kuwa ja ne wur da damina, ko hannunka ba ka gani, mazanmu kuma manoma ne, duk ruwan da ya wuce na buta girmama shi suke yi. In wani mai taurin kai ya ce ai da rani da ƙafa ake ratsa wurin, ba a ga rami ba, sai Malam Shitu ya yi masa murmushin wanda ya ga duniya, ya ce ruwan damina kwashe yashin yake yi ya tafi da shi, sai kaka ya maido. A kan gaba bakwai ɗin nan mutuncinsa ya tsaya shekara tara. Saboda ita ake ba shi wuri a inuwa, saboda ita mai gari ya yi masa alkawarin rawanin Sarkin Jirgi.

Marigayi mai haƙuri ne. Bai taɓa neman ciyawa ba kamar jaki, bai taɓa neman mai ba kamar mota. Duk Juma'a bayan masallaci, muddin akwai ruwa, shi ke jigilar gari zuwa tsibirin yashin da ke cikin rafinmu: mai tsire da garwashinsa, makaɗa da kalangunsu, malamin makaranta da garmahonsa a cinya, 'yan mata masu goro, da dattawan da suke zuwa wai don su hana lalacewar zamani, su ne kuma na ƙarshen dawowa. In an yi masa nauyi abin da zai ce kawai, ƙiii. In an ƙara, ya ce ƙiiiii, ya ci gaba. Ya haɗa aure huɗu da aka sani. Ya raba biyu, amma laifin tsibirin ne, ba nasa ba.

Da abin ya karɓu, sai 'yan kwaikwayo suka taso. Mato ya ɗaure durom huɗu na kananzir ya shimfiɗa ƙyauren zaurensa a kai, yana tuƙi da shebur. Wasu suka haɗa garewani da karan dawa. Kafin a ce haka rafin da akuya ke tsallakewa da rani ya cushe, ana karo, ana ashar, ana cewa wane ya shiga hanyar wane. Malam Shitu yakan tsaya a bayan jirginsa yana kallon cunkoson nan, idonsa ya kawo ƙwalla, ya ce yau ga Ikko ta zo Rano. Ana faɗawa ruwa kuwa, ba a rasa ba. Sai dai duk namijin da ya faɗa ya riga ya kurma ihu ya kira sunan uwarsa a gaban 'yan mata kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa, don haka sai ya durƙusa, ya bar kai kawai a waje, a jawo shi, ya fito yana rantsuwa bai ji ƙasa ba. Kowa yana zaton shi kaɗai ya sani. Akwai wanda ya yanka akuya sadaka don tsirar da ya yi, har yau Mai Sauran Kwana ake kiransa.

Mu mata mun daɗe da sani, mu ke wanki a bakin rafin. Ba mu faɗa ba, don mu ma muna da namu a wurin marigayin. Da rani in rafi ya ƙafe, akan jawo shi bayan gida, Barira ce aka ɗora wa cika shi da ruwan rijiya saboda gargaɗin Banufe. Mace ɗaya ina za ta iya? Sai matan unguwa suka ɗauke mata, kowacce tulu biyu, su kuma su riƙa wanke kalwarsu a ciki in maigida ya tafi kasuwa. Babu daddawar da ta kai ta unguwarmu tsabta a shekarun nan. Malam Shitu yakan dawo ya tarar da jirgi cike taf, ya tafi majalisa yana yabon biyayyar matarsa.

Ciwon ajali ya faro ne bara, ƙarshen damina, daga bakin Malam Zailani duba-gari. Ya shiga jirgin da farar safarsa, ya ɗaga hanci ya shinshina, ya tambaya a gaban 'yan mata ko jirgi ya hau ko tukunyar miya. Aka yi dariya har tsibiri. Malam Shitu ya dawo gida ya bincika, ya gano, ya rantse hannun mace ba zai ƙara taɓa Ɗan Ikko ba. Barira ta ce to. Ya kafa masa rumfa, ya ɗora shi bisa duwatsu kamar ango, ya shafe shi da fenti kore da fari saboda bikin mulkin kai da ke tafe. Ta tuna masa maganar Banufe sau ɗaya, ya ce Banufe bai san fenti ba, Turawa da shi suke raya nasu. Ta sake cewa to. Da bazara ta yi ƙarfi, in rana ta take, sai a ji marigayin ya ce ƙas daga ƙarƙashin rumfa. Jim kaɗan ya sake cewa ƙas. Mai shi ya ce miƙa yake yi.

Da ruwa ya sauka aka mai da shi rafi, sai ga shi yana tsiyaya ta ciki. An yi magani iyakar ƙarfi: tsumma, ƙaro, kwalta, har laya aka rataya masa a goshi. Damina guda Malam Shitu ya yi yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana ƙarƙashin riga da ƙoƙo yana kwarfa a ɓoye. Wanda ya ce ya ji sanyi a gindinsa, sai a ce masa zufar tsoro ce.

Ranar Asabar ɗin, a tsibiri aka shirya bikin, a can kuma za a yi naɗin. Marigayi ya yi sawu goma sha ɗaya bai ce komai ba sai ƙiii. A na goma sha biyu ya ɗauki mai gari da kujerarsa, da duba-gari, da ragon walima, da rawanin Sarkin Jirgi a naɗe cikin tasa. Rafi ya cika da duk abin da ke iya yin iyo, ba masaka tsinke. Suna tsakiya sai durom ɗin Mato ya kauce wa wata garwa ya daki marigayin a haƙarƙari. Ya buɗe tun daga goshi har ciki. Kalmarsa ta ƙarshe, waɗanda ke kusa sun ji, ɓul, ɓul, ɓul.

Tsibiri ya ɗauki kuka. Kalangu ya yi shiru. Mai gari ya rungume wuyan rago yana barin wasiyya, duba-gari ya rufe ido yana neman gafarar matan da ya fasa wa randa. Marigayin ya sauka a hankali ya zauna a kan yashi, ruwa ya tsaya musu a ƙugu suna zaune, amma ba wanda ya miƙe. Waɗanda ba su sani ba tsoro ya hana su. Waɗanda suka sani, a jirgi da tsibiri, kowa na jiran wani ya fara. Malam Shitu yana riƙe da filafili yana roƙon Allah a ransa ya ƙaro ruwa ko da taƙi biyu ne.

Ana cikin haka sai ga Fanta mai nono daga rugar hayi. Ita ba ta zuwa Juma'ar tsibiri, hanyarta ta kasuwa can sama take, amma ranar ta hango taro ta ce ga ciniki. Ta ɗage zani zuwa gwiwa, ƙwarya a ka, ta ratso ruwa tana tauna goro, ta zo daidai jirgin ta rusuna.

"Ranka ya daɗe, sannu da hutawa. A dama maka ne, ko sai ka fito?"

Mai gari ya saki rago. Ya miƙe. Ruwan bai kai masa gwiwa ba. Ya daɗe yana duban ƙafafunsa, sa'an nan ya ɗauki tasar rawani ya sa a hammata, ya juyo.

"Shitu, alkawari na nan, ban janye ba. Nuna mini wuri ɗaya a rafin nan da zai shanye mutum a tsaye, in auna da gorata, in naɗa ka."

Gari ya koma gida da ƙafa, wando a naɗe, ba mai duban idon wani. Malam Shitu bai fito daga cikin gawar ba sai da aka kira la'asar.

Marigayi ya rasu ya bar filafili ɗaya, da ƙoƙon kwarfa da ya yi jinyarsa, da igiyar ɗauri, da gora wadda suka rabu tun yana sabo, har yau tana wurin shanya ba ta zo gaisuwa ba. Ya bar matan unguwa goma sha uku da kalwarsu ba wurin wanki. Ya bar maza da dama da suka tsira daga halaka a cikinsa, waɗanda a makon nan duk zazzaɓi ya hana su fita. Barira ta ce ita ta yafe masa, ba ta faɗi ko wanne ba, jirgin ko mai shi.

Game da jana'iza, liman ya ce ba a yi wa itace salla, kuma kada a sake aiko masa. Bappa Manu mai shanu ya nemi a ba shi gawar ya riƙa zuba wa shanu dusa, mai makoki ya ce sai bayan ransa. Ya ce a ruwa Ɗan Ikko ya rayu, a ruwa za a rufe shi, a daidai inda ya cika. Matsalar ita ce tun Asabar yana nan zaune rabinsa a waje, balbela na hutawa a kansa. Saboda haka za a haƙa masa kabari a tsakiyar rafi ranar Alhamis da hantsi. An shaida wa Malam Shitu kamu uku ya isa, ya ce girman mamacin ya wuce haka, a yi gaba biyu, in da hali a ƙara, kuma ya aika wa mai gari ya zo ya yi ta'aziyya bayan azahar, ya taho da abin da ya ce zai taho da shi.

Kowane mai gaisuwa ya zo da fartanya ko shebur, ba a bukatar goro. Mata za su zauna a bakin rafi su yi kallo. Kun dai san yashin rafinmu, rami ba ya minti goma bai cike ba, don haka iyalan mamaci suna roƙon wanda ya gaji ya miƙa wa na kusa da shi, kada a tsaya, kada a ɗago, sai mai gari ya iso da gorarsa.