Jihar da Na Yi wa Addu'a Bayan Ta Mutu

Duk abin da zan manta a zamana na Faransa, ban da ranar da na yi wa Humberside addu'a.

A shekarun casa'in ne, ina karatu a Lyon, ina kwana a wani ɗaki a Saint-Fons, can gefen gari. Ni ɗan Maraɗi da na saba gaisuwa tun daga ƙofar gida har kasuwa, sai ga ni ina wuni ba wanda ya kira sunana. Kaɗaici ya ci ni ƙwarai.

Ana nan sai aka kawo mana wani Bature, Alan, ɗan garin Hull ta Ingila. Shi ma shi kaɗai yake cin abinci. Na ce to, na samu aboki. A wajenmu in kana son shiga ran baƙo, da sunan ƙasarsu kake kiransa. Na duba wata tsohuwar taswira, na ga Hull a cikin jihar Humberside. Daga ranar kullum da safe sai in ɗaga murya: "Humberside! An tashi lafiya?" Sai ya ɗaure fuska ya wuce (ni kuma, gwanin fahimta, na ce kunya ce irin ta Turawa).

Rannan muka je taro Paris, aka zauna cin abinci a unguwar Belleville. Na miƙe gaban malamanmu da kofin lemo, na ce, "Allah ya ja zamanin Humberside, Allah ya ƙara mata albarka!"

Alan ya ajiye cokali.

"An soke ta tun bara," in ji shi. "Mu 'yan Yorkshire ne. Gwamnati ce ta haɗa mu da mutanen ƙetaren kogi, ta laƙa mana wannan suna da ta samo daga sunan kogin. Ranar da aka soke ta, uwata rawa ta yi."

Ka ce an haɗa Maraɗi da Damagaram an sa musu sunan gulbi, ni kuma ina bin mutum da shi kullum safiya. Na koma na zauna. A jirgin komawa Lyon ni kaɗai na zauna, ina cewa aboki ɗayan ma na kore shi.

Ran Litinin sai ga shi a bakin ƙofata, yana murmushin mugunta.

"Najeriya! Taso mu sha kofi."

Ni da nake faɗa da duk wanda ya haɗa Nijar da Najeriya, wallahi ban gyara masa ba. Na ɗauki rigar sanyina na bi shi. Wanda ya daɗe ba a kira shi ba, ko da sunan maƙwabci aka kira shi, amsawa yake.