Fuskoki Dubu Arba'in a Tafin Hannu

"Lafiya lau, sai dai gwiwa. Ina gajiya, amarya? An ce mini kwana uku ba ki leƙa waje ba, kina renon ƙarfe."

"Ba gajiya, angona. Shigo a hankali, kar ka taka mini waya. Me ka rungumo haka kamar mai ƙaura?"

Kakanta ne, mahaifin babarta, wanda unguwa ta sani da Mai Hoto. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago kusa da tashar mota, har kwamfutar shagon ta mutu, idonsa kuma ya fara hazo, ya rufe. Jikar tasa, da yake kira amarya tun tana rarrafe, bana ta gama karatu. Ta harhaɗa kwamfutarta da hannunta, guntu-guntu, a kan teburin cin abinci. Ko murfin gefe ba ta rufe ba tukuna, ana ganin wayoyi da fankoki a ciki.

Ya ajiye abin da ya ɗauko a kan kujera, ya warware zanen gadon da ya naɗe shi. Tsohuwar kwamfutar shagon ce.

"Gawa ka kawo mini?"

"Sa'ar babarki ce, ki gaishe ta. Wannan taki kuma da hanji a waje, wa ya yi mata aiki bai ɗinke ba?"

"Ni. Kuma tana numfashi. Taka fa?"

"Barci take."

"Shekara shida?"

"Ke ba ki yi sha biyu kina barci a aji ba?"

Ta yi dariya ta jawo masa kujera. Da ya zauna, muryarsa ta sauka. Ya ce jiya wata mai ɗinki ta zo gidansa. Mijinta direba ne, ya rasu 'yarsu tana goye. Mutumin ba ya son hoto, sau ɗaya tak ya taɓa zama gaban kyamara, a shagon Mai Hoto, kuma katin da aka wanke musu rufin ɗaki ya zuba masa ruwa ya lalace. Yanzu yarinyar ta shiga makaranta, kullum tana tambayar yadda fuskar babanta take.

"Na ce mata yana cikin wannan akwatin. Na kuma ce ina da wata malalaciya a gida da za ta fito da shi."

"Ka yi alkawari da bakinka, ka zo ka ɗora a wuyana."

"Amfanin aure ke nan."

Ta ɗauki sukudireba ta kwance gefen tsohuwar. Ƙura ta tashi, ya yi atishawa sau uku. Ta zare wayoyi biyu, ta kwance kusoshi huɗu, ta ciro wani ɗan ƙarfe mai nauyi, faɗinsa bai wuce tafin hannu ba. Ta miƙa masa.

"Riƙe da hannu biyu. Wannan shi ne faifan ajiya. Duk abin da ka ɗauka tun da ka daina wanke fim, yana nan ciki."

Ya juya shi, ya auna nauyinsa.

"Ƙarya kike. Wannan ko sabulun wanka ya fi shi girma. Sauran akwatin fa?"

"Sauran duk masu yi masa hidima ne."

"Lokacin fim, akwatin ƙarfe bakwai na cika, kakarki tana faɗa na cinye mata ƙarƙashin gado. Ki ce mini aikin shekara goma sha biyar yana cikin wannan?"

"In bai mutu ba."

"In ya mutu fa?"

"Sai ka je ka zana wa mai ɗinki mijinta da biro."

Ta kashe tata kwamfutar, ta zare wayar wuta daga bango, ta shafa ƙarfen jikin akwatin da tafinta.

"Lallashinta kike yi?"

"Wutar jikina nake saukewa, kar ta ƙona wani abu."

"Dama na sha faɗa wa babarki akwai wuta a jikinki. Yau kin amsa da bakinki."

Ta zura tsohon faifan a ma'ajinsa cikin tata kwamfutar, ta ɗaure kusoshi, ta soka masa waya siririya ta bayanai da mai faɗi ta wuta. Sannan ta yage wata leda, ta fito da wani abu siriri, tsawon yatsa.

"Wannan kuma cingam ne?"

"Sabon faifai ne. A kansa za mu kwashe hotunan kafin tsohon ya gaji. Zai ɗauki irin naka sau huɗu, ya kuma bar wuri."

Ya karɓa ya ɗora a kan yatsansa. Ya daɗe yana kallo, ya kai shi kusa da taga, ya dawo da shi.

"Ba abin da yake juyawa a ciki?"

"Babu."

"To ina yake zuba su?"

"In na fara yi maka bayani, sai ka yi gyangyaɗi."

"Ce ba ki sani ba."

"Na sani a takarda. Amma ni ma in na riƙe shi, wani lokacin sai in ji kamar ban sani ba."

Ta karɓi sabon faifan ta kwantar da shi a raminsa, ta ɗauko kusarsa, 'yar mitsitsiya kamar ƙwayar shinkafa. Kusar ta suɓuce ta faɗa cikin akwatin. Ta leƙa, ta haska fitilar waya, ba ta gani ba. Shi bai ko sunkuya ba.

"Tana ƙasan fankar baya, ta hagu. Na ji inda ta tsaya."

Nan ta same ta.

"Ashe kunnen yana aiki. To me ya sa in an ce ka sha magani ba ka ji?"

"Kunnena yana zaɓen magana."

Ta mayar da wuta ta kunna. Fankoki suka tashi. Daga cikin akwatin wani ƙaramin gurnani ya biyo baya, sannan ƙas, ƙas, sau biyu. Dukansu suka kasa kunne har ƙarar ta daidaita.

"Ya farka," in ji ta a hankali.

Allo ya nuna layi biyu, ɗaya na kowane faifai. Sai wani ɗan saƙo ya fito yana tambaya ko a share faifai a shirya shi don aiki. Sabon ne yake buƙatar sharewa, tunda bai taɓa aiki ba. Ta kai hannu, sai ta tsaya.

"Danna mana. Ko sai na biya sadaki sabo?"

"In na share wanda ba shi ba, komai ya tafi. Har mijin mai ɗinki."

"Ba ki san wanne ne wanne ba?"

"Na sani. Girmansu ma ba ɗaya ba ne."

"To?"

Ta kashe kwamfutar, ta zare wayar tsohon faifan gaba ɗaya, ta sake kunnawa, ta share sabon shi kaɗai. Sannan ta sake kashewa ta mayar da tsohon.

"Matsoraciya."

"Na yarda. Yau ɗaya."

"Ni ma haka nake a ɗakin duhu na wanke fim," ya ce. "Ko na tabbata na kulle ƙofa, sai na sake taɓawa."

Kwashewar ta ci kusan awa guda. Ya so ya fara kallo, ta hana shi. Ya ce ta fi kakarta mulki, ta ce shi ya sa ta fi kakarta daɗewa da shi. Da aka gama, ta nuna masa adadin a ƙasan allo: dubu arba'in da ɗari biyu da sha ɗaya.

Ta buɗe. Fuskoki suka cika allon, ƙanana, layi bisa layi. Jarirai, 'yan makaranta da jakunkuna, masu neman aiki da aron kwat, duk a gaban labulensa mai shuɗi. Ta ja ƙasa, wasu suka hau, ta sake ja, ba su ƙare ba. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Duk waɗannan sun zauna a kujerata?"

"Kai za a tambaya."

"Wannan ya zama likita. Wannan ta rasu. Waɗannan tagwayen sai da na yi kukan akuya suka kalle ni." Ya jingina da kujera. "Ni na zaci na tsufa ne kawai. Ashe aiki na yi."

"To a cikin dubu arba'in, ina za mu ga direba? Hotunan ba suna, lamba ce kawai."

"Shekarar da aka fasa titin gaban shago. Watan da ruwa ya fara sauka, don da laima suka shigo. Labulen ya yage ta dama, ban ɗinke ba tukuna. Riga fara ya sa, kuma ya ƙi yin murmushi sai a na uku."

Ta kalle shi, ta koma kan allo. Ta nemo shekarar, ta nemo watan. Ba a yi minti biyar ba sai ga labule mai yagewa ta dama, ga mutum cikin farar riga, matarsa a gefe da jaririya. A na farko ya ɗaure fuska. A na biyu ma haka. A na uku yana dariya, da wushirya a haƙoransa.

"Yarinyar ma tana da wushiryar nan," ya ce.

Ta juyo ta kalle shi.

"Kaka, jiya da wayarka a hannu kake neman wayarka."

"Waya ba mutum ba ce."

Ta tura hoton injin bugawa ya fita a takarda, ta sa masa a ambulan. Ya miƙe da ƙyar, ya riƙe ambulan ɗin a ƙirji, sai ya miƙo ɗaya hannun.

"Ba ni wayarki. Tsaya kusa da mai hanjin nan."

"Hannunka rawa yake yi, zan fito biyu."

"Ɗaya ma ta ishi duniya. Ɗaga haɓa. Sauke kafaɗa. Riƙe sukudirebar yadda za a gani."

Ya ja numfashi ya riƙe, hannun ya tsaya cak, ya danna. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya miƙa mata yana dariya.

"Ban taɓa ɗaukar mummuna kyauta ba, sai yau. Kin ci, amarya. Sa shi a cikin cingam ɗin nan, ki zama ta dubu arba'in da ɗari biyu da sha biyu."