Ranar da Alhaji Bala Ya Zo Jin Lasifikuna

Sati uku na yi ina neman lasifikun haɗa kiɗa masu arha. Da suka iso gidana a Nassarawa, na gayyato Alhaji Bala, mawaƙin da nake fatan ya ba ni aikinsa. Na kunna waƙa, na lumshe ido, na ce, "Alhaji, ji yadda kalangun nan ke fita tsaf. Sai gwani ke gane bambancin."

Ya daɗe yana saurare cikin natsuwa. Sannan ya sunkuya, ya ɗago wayar lasifikun, ashe ban jona ta ba. Daga kwamfuta sautin ke fitowa.

Aikin ya tafi wurin wani mai haɗa kiɗa a Hotoro. Matata ta ji komai. Har yau in na yabi miyarta sai ta ce, "Malam, ka dai tabbata ka ɗanɗana?"