Ranar da Na Ɗinke Baba a Jikin Keke

Ba zan taɓa mantawa da ƙamshin man keken da ya tare ni a bakin shagon nan na Sabon Gari ba, tun idona bai saba da duhun ciki ba. Kekunan ɗinki ne a jere, baƙaƙe wul, da zanen ruwan zinariya a wuyansu. Ba a daɗe da sauke su daga jirgin ƙasan Ikko ba.

Inna ce ta aiko mu. Da hannu take yi wa matan unguwarmu ta Fagge ɗinki, kuma da an yi wanki sai bakin yadin ya tsefe ta ciki, a dawo mata da riga ana mita. Sai ta ji labarin wani sabon keke da allurarsa ke kai-komo, ta kame bakin yadi. Ita ba ta zuwa kasuwa, Baba kuwa ko zare bai taɓa zura wa allura ba, don haka aka ce in bi shi in zaɓa, tunda ana koya mana ɗinki a makaranta. Da ƙyar ma ya yarda. Ya ce in bai gamsu yau ba, an rufe maganar ke nan.

Mai shagon, wata mata Ibo da ake kira Maman Ngozi, ta ja mini kujera.

"Zauna, 'yar makaranta. Taka ki ji, ba ya cizo."

Ta miƙo mini ƙyallen farin alawayyo. Baba ya tsaya a gefena cikin farar babbar rigarsa ta Juma'a, ya dafa teburin keken, suka kama ciniki. Ni kuwa kunyarsa ta hana ni ɗaga kai. Na zuba wa allura ido, tana rawa hagu da dama, tana barin ɗinki kamar haƙoran ɓera. Na ji ƙyallen ya yi nauyi, kuma ya ƙi ƙarewa, sai na ce a raina lallai keken nan akwai ƙarfi. (Ni ce fa wadda daga bayan aji nake hango ƙudan da ya sauka a kan allo.)

"Uwata, yaya?" in ji Baba. Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni.

"Yana da kyau, Baba."

Ya taya. Maman Ngozi ta ce, "Albarka, Malam." Ya ƙara kaɗan, ta sake cewa albarka. Sai ya yi abin da yake yi a kowane ciniki, wato ya nuna tafiya zai yi don a kira shi.

"Tashi mu je, akwai wani shagon a gaba."

Ya ɗaga hannu zai saɓa rigarsa a kafaɗa, ya yi gaba da ƙarfinsa. Keken ya biyo shi. Teburi ya karkace, gwangwanin mai ya faɗi, na ji ɓaaar! Maman Ngozi ta rungume keken tana ihu, "Chineke!" Hular Baba ta gangara har bakin ƙofa.

Ashe hannun rigarsa ya zubo kan ƙyallen, fari a kan fari, na haɗa su na ɗinke tsaf. Ga Baba a tsaye, rabin rigarsa a ƙarƙashin allura, 'yar cikinsa a waje, masu wucewa sun cika ƙofa. Bakina a buɗe, ƙafata tana kan mataki, ko kuka na kasa.

Maman Ngozi ta kama ɗinkin ta ja, ta sake ja.

"Malam, duba da kanka. Riga ta yage, ɗinki yana nan."

Baba ya ja da hannu biyu, bai motsa ba. Ya ce, "Kwance ni."

"In na kwance ka, shagon gaba za ka?"

'Yan kallo suka bushe da dariya. Baba ya dube su, ya dubi keken, ya ce a kira ɗan dako.

A ranar na gane kunya abu ne mai kyau, amma mai ɗinki ta riƙa ɗaga kai ta ga inda mahaifinta yake tsaye.

Muka kamo hanyar Fagge, keke a kan ɗan dako, Baba ya naɗe yagaggen gefen a hammata. Da muka hango zaurenmu, sai na matsa kusa da shi.

"Baba, don Allah ka bari Inna ta fara ganin keken kafin ta ga rigar."