Taliyar Kwamin Wanka

Sau ɗaya tak aka taɓa kayar da Maigida Tokuji a gardama, shi ma dai sai ka ji ta bakinsa. Ranar ce ya rantse wa matarsa Fumie cewa ƙafafun da suka tsufa suna taka dakalin ofishin gunduma ba za su tattaka kwaɓin taliyar udon ba. Ya naɗe hannun riga, ya yi ta dambe da kwaɓi har bayansa ya ƙage. Fumie ta shimfiɗa leda a kai, ta hau ta tattake abinta tana kallon talabijin. Da ya warke sai ya tara mu ya sanar cewa bayan dogon nazari ya gano ƙafa ta fi hannu. Mu da muka gaji tattaka tun daga kakanni muka yi masa godiya.

Ai dole a gode masa. Mutumin da ya ƙare aikinsa yana mataimakin mai riƙe hatimi, ya yi ritaya, ya sauko ya koya wa mutanen Kagawa, cibiyar udon a duk Japan, taliya! Muka naɗa shi Sarkin Tattaka, ya ɗauka da gaske, har ya ɗinko farar riga da sunansa a ƙirji. Ba a biki a ƙauyen nan sai ya zo ya tsaya kan tukunya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

To, a tsakiyar zafin bana maƙwabtanmu mutanen gidan Hirao suka gama sabon gini. Kowa ya san al'ada: wanda ya fi tsufa shi ke fara shiga sabon kwamin wanka, ya zauna cikin ruwa ya ci udon, mai kauri, mai tsawo, don rai ya yi tsawo, jiki kada ya shanye. Tsohuwar gidan kuwa Kaka Otane ce, wadda ta binne duk sa'o'inta, kuma ba ta da niyyar bin su. Sarkin Tattaka ya ce wannan taliya ba ta yara ba ce, shi zai yi.

Da ya auna gishiri sai Fumie ta leƙa, ta ce a ƙara, ai zafi ake. Duk macen da ta taɓa kwaɓi ta san gishirin sanyi daban, na zafi daban. Ya gyara tabarau.

"Fumie, ma'auni ma'auni ne. Ni a ofis ban taɓa ganin dokar da ke sauyawa don ana gumi ba."

Ya hau kwaɓi, hannu a baya, kai a sama, kamar mai duba fareti. Kwaɓi ya saki jiki, ya yi laɓo-laɓo. Ya ce alamar biyayya ce. Ya murza, abu na manne wa sanda. Ya yanka, ya zuba a tafasasshen ruwa, taliya ta watse kamar ma'aikata an tashi aiki. Da aka tsame aka ɗauraye, wadda ta fi tsawo ba ta kai ɗan yatsana ba.

Aka kai wa Kaka Otane kwano tana zaune cikin ruwa har wuya, mu mata muna bakin ƙofa, maza na tsakar gida. Ta sa tsinkayen cin abinci ta ɗago, ya gutsure. Ta sake, ya gutsure.

"Kai Tokuji! Wannan ne tsawon ran da ka yanko mini? Ko atishawa ta fi shi tsawo!"

Daga bayan bango ya fara bayani: garin bana ne, ruwan sabon famfo ne, tukunyar ce. Tana mayar masa, yana mayarwa, ruwa na hucewa. Sai ya gyara murya ya faɗi maganar da ta kashe gardamar. Ita ce kuma ta kashe sarautar, don tun ranar farar rigar nan Fumie ke goge tukwane da ita.

"Haba Kaka, a shekarunki, ai na ma yi miki gyara."