Yadda Za Ka Burge Surukinka da Saurin Sabunta Kwamfuta

Bi matakan nan, na yi maka alkawari surukinka ba zai taɓa mantawa da kai ba.

1. Zaɓi kwamfutar da ta dace
Ta surukin naka. Tsohuwa ce, batirinta ya mutu tuntuni, da wutar soket kawai take numfashi. A cikinta tarihin rayuwarsa yake, wanda ya yi shekara da shekaru yana bugawa da yatsa ɗaya. Kada ka tambaya ko akwai kwafi a wani wuri. Tambaya tana rage kwarjini.

2. Raina ta a gabansa
Ta fara sabunta manhajojinta, layin da ke nuna ci gaban aikin a kan allo yana rarrafe. Zai ce, "Haka take, ɗana. Ni shayi nake sha in dawo." Yi tsaki. Bayyana masa cewa tsoro ne ke damunta: duk fayil ɗin da ta rubuta, sai ta tsaya ta tabbatar ya zauna daram kafin ta ɗauki na gaba.

3. Cire mata tsoron
Akwai wurin da ake hana ta wannan tsayawar. Hana ta. Matarka za ta leƙo ta ce, "Maigida, in aka ɗauke wuta fa?" Ce mata masana na aiki.

4. Karɓi yabo da wuri
Layin zai zura a guje. Surukinka zai ce, "Kai! Ashe injiniya muka samu a gidan nan." Ji daɗin maganar yanzu, ba ta daɗewa.

5. Za a ɗauke wuta
In ta dawo, allo baƙi ƙirin, rumbun ajiyar kwamfutar ya hargitse, littafin tarihinsa ya tafi. Yi tagumi ka shiga tunani: wa ya fi laifi, wanda ya ɗauke wutar ko wanda ya yarda da kai? Tambaya ce mai zurfi. Kyawunta shi ne babu kai a cikinta.

6. Saurari hukunci
Ba zai yi faɗa ba. Zai shafa gemu ya ce, "Ba komai, ɗana, duk yana kaina. Tunda Allah ya ba ka sauri, ka riƙa zuwa kullum da yamma, ina faɗa kana bugawa. Daga haihuwar kakana za mu faro."

Ce, "To, Baba."

Gargaɗi: abin da ya samu littafin, da yammacinka, da kallon da matarka take yi maka, duk babu hannuna. Alkawari ɗaya na yi, cewa ba zai manta da kai ba. Ga shi can ma yana kiranka.